Wa Za A Yi Wa Gaisuwar Iya?

Rai na Allah ne, Ya ba da aro Ya karɓi abinSa, ban ja da wannan ba. Iya ta cika ranar Talata da hantsi, da kalmar shahada a bakinta, hannunta cikin nawa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa can ta fi mata nan, don nan ɗin kam ba ta ga wani abin kirki ba. Mutuwarta na haɗiye ta. Abin da na gani a gidan ubana bayan an fita da ita, shi ne har yau ya tsaya mini a maƙogwaro, kuma sai na faɗe shi ko wa zai ji haushi.

Tun maza ba su dawo daga maƙabarta ba mata suka fara shigowa. Sai mace ta yi sallama, ta tuɓe takalmi, ta tsaya tsakar gida tana waige-waige. Ba tabarma a shimfiɗe, ba wanda ya zauna. Matar wani mahauci ce ta fara tambaya, ta dubi matar Yayana da ke tankaɗe a gindin turmi ta ce, "Baiwar Allah, wa za a yi wa gaisuwa?"

"Ai ba kowa," in ji matar Yaya, ko kai ba ta ɗaga ba. "Mai rainon gidan ce."

Shi ke nan sai suka tsaya cirko-cirko, kowace tana jefa tata. Wata ta ce, "Allah sarki tsohuwa, akwai faɗa!" Wata yarinya da goyo a bayanta ta ce ita har yau in ta tuna tsawar Iya sai gabanta ya faɗi, aka yi dariya. Dariya fa, a gidan mutuwa! Yarinyar nan kuwa a ɗakin Iya aka yaye ta, ina ƙarama amma na tuna lokacin da take yi mata fitsari a baya. Wata kuma, Allah wadaran hali irin nata, sai ta matso kusa da ni tana raɗa, wai ko an san wanda za a ba 'yar tukunyar da Iya ke dama koko a ciki.

Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a ƙofar ɗakin Iya na zauna. Suka dube ni. Ɗaya ta ce, "Ke kuma mene naki? Ga uwarki can a ɗaki da ranta." Suka leƙa ɗakin Inna suka gaishe ta da gajiya, yadda ake gaida mutum kowace rana, suka sa takalmansu suka fice.

Wanda bai san Sabo, unguwarmu ta Hausawa ba, zai ce mene ne a ciki. To, mu nan Badun garin baƙi ne. Bafatake yakan sauka a gidan maigidansa, ciwo ya kama shi, ya mutu. Sai a yi masa sutura, a sallace shi, a rufe, a ba masu hawa jirgi saƙo su kai arewa. Ba a zama a nan, domin yana da mutanensa a can, can za a shimfiɗa tabarma a karɓi gaisuwa. Haka gidanmu ya so ya yi wa Iya. Ita kuwa ba ta da wani can. In ba a zauna mata a gidan nan ba kafin a yi sadakar uku a watse, to babu inda za a zauna mata a duk faɗin duniya, ta tafi ke nan kamar ba a taɓa yin ta ba.

Iya tare da Baba ta zo nan kudu, ƙasar Kurmi, da ƙafa, cikin ayarin fatake, tun jirgin ƙasa bai kai Kano ba. Waɗansu sun ce sayen ta aka yi, waɗansu sun ce kyauta aka ba kakanmu ita. Ba na ɓoye wannan, ba ita ya kamata ta ji kunya ba. Da Turawa suka ce babu sauran bauta, Baba ya ce mata tana iya tafiya. Ta ce, "In tafi ina, Maigida?" Garinsu ba ta tuna sunansa, abin da ta riƙe kawai shi ne akwai duwatsu, kuma uwarta tana da tsaga a goshi. An yi mata aure sau ɗaya, ta haihu, ɗan bai zauna ba, mijin ya bi ayari bai komo ba. Sai ta dawo ta ci gaba da abin da ta saba, ladanta tuwo da zanen Sallah.

Shekarar da aka ce Hausawa su tashi daga cikin gari su koma Sabo, a bayanta na zo. Ta ce wurin duk jeji ne, ciyawa ta fi mutum tsawo, sauro kuwa sai ka ce shi aka yanka wa filin. Maza na kafa bukkoki, mata na share fili, ita kuma aka tara mata yara a gindin wata bishiya. Daga ranar nan aikinta ya wuce na gidanmu.

Dalili kuwa shi ne yaye. A gida arewa, in yaro ya isa a cire shi daga nono, gidan kakarsa ake kai shi, ya yi kukansa a can har ya manta. To mu ina muka ga kakanni? Suna Kano, suna Katsina, suna Zazzau. Wa zai ɗauki yaro ya hau jirgi da shi don yaye? Sai aka riƙa kawo wa Iya. Matar dillali ta kawo, matar mahauci ta kawo, matar ɗan dako ta kawo, ba ta taɓa cewa ɗan wane ya fi ɗan wane ba. Rabin samarin da ke taƙama da babbar riga a unguwar nan yau, a ɗan ɗakin nan na kusa da madafa suka koyi haɗiye tuwo.

Tana da yadda take yi, kuma ba ta son a koya mata. Uwa za ta kawo yaro da rubutun malam da 'yar ƙwaryar gero, sai Iya ta ce, "Kwance zanen jikinki ki ba ni."

"Iya, ai ya yi dauɗa, bari in kawo wankakke."

"Wankakken ki ɗaura ki je biki. Wannan nake so."

Da zanen nan za ta goya yaron. Yana kuka, yana cusa hanci a ciki, yana jin warin uwarsa, har ya yi laushi ya karɓi koko. Ba za ta wanke zanen gaba ɗaya ba. Yau ta jiƙa wannan gefe, jibi ta jiƙa wancan, a hankali a hankali har warin ya ƙare yaron bai lura ba. Uwa kuwa an hana ta ko bin ta ƙofar gidanmu. Na ga ranar da ta kama wata tana leƙe ta katanga, nono ya cika mata tana hawaye. Iya ta bi ta da muciya har bakin hanya tana cewa, "Kin ba ni ko ba ki ba ni ba? In kin ba ni, ki je ki matse a ƙasa ki bar mu mu yi aikinmu!"

Ba ta yarda yaro ya ce mata Inna. In bakinsa ya suɓuce, sai ta ce, "A'a, innarka na gida. Ni riƙo aka ba ni." Wannan maganar ba ta rabuwa da bakinta. Ko wasan da kakanni ke yi da jikoki, a ce wa namiji mijina, ita ba ta yi. Ta ce ba ta da hurumin wannan.

Sau ɗaya na ga ta ja da Baba, kuma ta ci. Ƙanena ne ya kama zazzaɓi da damina, jiki kamar garwashi, an yi rubutu an yi hayaƙi, shiru. Iya ta saɓa shi a baya ta nufi wajen unguwar Mokola, wurin wata Bayarabiya mai sayar da agbo, jiƙon ganyayen nan nasu mai ɗaci. Yarabancinta bai wuce gaisuwa ba, sauran da hannu ta yi. Ta dawo da kwalba ta ɗura masa. Baba ya ji, ya shigo yana huci.

"Ke da izinin wa kika ba ɗana ruwan ganyen mutanen nan? Don me aka ware mana unguwa?"

Iya na durƙushe, kanta a ƙasa, ta ce, "Maigida, zazzaɓin nan na Kurmi ne. Ba ya jin Hausa."

Baba ya juya ya koma zaure. Yaro ya tashi. Ƙanen nawa yanzu yana Ikko yana dillancin shanu, an aika masa da labarin mutuwarta, ya aiko da cewa Allah Ya jiƙan musulmi.

To, batun faɗan nan da kowa ke tuna ta da shi. Ni ma na girma ina cewa Iya masifaffiya ce, sai da na kai mata 'yata ta fari na gane. Ranar da aka ce in zo in ɗauke ta, na shiga na tarar da yarinya ta yi ɓul-ɓul, tana liƙe da ƙafar Iya, ni kuwa kallon baƙuwa take mini. Na miƙa hannu, ta ɓuya a bayanta. Kawai sai na ga fuskar Iya ta sauya. Ta daka wa yarinyar tsawa, ta fizge zanenta, ta ture ta. "Tafi can, kin ishe ni! Kullum naci, kullum naci!" Yarinya ta kwarara ihu, ta rugo ta faɗa jikina ta ƙanƙame ni. Raina ya ɓaci, na saɓe ta na fita ko sallama ban yi ba.

Na kai zaure na tuna na bar layar wuyanta, na ba wata maƙwabciya riƙon yarinyar na koma. Ba Iya a ɗaki. Na same ta a bayan madafa, tsugune bakin rariya, ta cusa gefen zane a baki, kafaɗunta na rawa.

"Iya, lafiya?"

"Hayaƙi ne."

Ko wuta ba a hura ba. Na tsuguna kusa da ita har ta share fuska. Sannan ta ce, "In ban ɓata mata da ni ba, ta yaya za ta koma wurinki? Za ta riƙa gudowa nan, ke ki zama baƙuwa. Gara ta tafi tana jin haushina."

"Haka kike yi wa kowa?"

"Har ke," in ji ta. "Ke kam sai da na haɗa da ranƙwashi, kin cika taurin kai."

Kun ji aikin mai raino. Ta sa yaro ya so ta har ya yarda ya ci daga hannunta, sannan ita da kanta ta tsinke son, ta miƙa wa uwa ɗanta cikakke, ta koma bayan madafa. Yaro kuwa abin da aka yi masa a ƙarshe shi yake riƙewa. Shi ya sa unguwa guda ta girma tana cewa tsohuwar nan akwai faɗa. Yaran ban ga laifinsu sosai ba. Iyayen fa? Su da suka zo suka karɓi 'ya'yansu sumul, babu wadda ta taɓa tambayar kanta me ya sa tsawar ba ta zuwa sai ranar ɗauka? Tir!

Da la'asar ɗin ranar da aka rufe ta na aika a kira mini Yaya. Tun rasuwar Baba shi ne maigida, shi ke saukar da fataken goro, kuma a ranar zaure cike yake da baƙi daga Kano, ana ta kwance huhu ana yayyafa wa goro ruwa. Ya shigo yana gyara hula, fuska a ɗaure.

Na ce, "Yaya, mutane na zuwa ba su san wa za su yi wa gaisuwa ba. A shimfiɗa tabarma a zaure ka zauna, a kira malamai ranar uku."

"Ke, ki shiga hankalinki. Na yanko akoko an yi likkafani, na bi gawa har kabari. Me ya rage?"

"Zama ya rage."

"In zauna a ce wa ya mutu?" Ya rage murya, ya waiga wajen zaure. "Mutanen can sun san asalin kowa. Yau in shimfiɗa tabarma, gobe labari ya hau jirgi, a ce maigidan wane na Badun ashe ɗan baiwa ne. Wa zai ƙara sauka gidana da amanar dukiyarsa? Ke kina ɗaki kina suyar ƙosai, ba ki san yadda ake riƙe gida ba."

"Na san yadda aka riƙe ka dai," na ce. "Ita ta tauna ta ba ka. Kashinka da hannunta ta kwashe."

"Aikinta ne," in ji shi. "Ba don shi aka ajiye ta ba?"

Wallahi da ba yayana ba ne da na tofa masa yawu. Ya ce in ina son sadaka in soya waina a kai masallaci, ba sai an ambaci gida ba. Ya kaɗe riga ya koma wurin goronsa.

Na kwana a gidan da izinin mijina, na wuni a kan tabarmar nan ni kaɗai kamar mai tallan da ba a saye. Waɗanda suka tsaya suka yi mini gaisuwa ta gaskiya matan 'yan dako ne su biyu, sai Bayarabiyar nan mai agbo, ta tsufa tukuf, ta zo da sanda. Ba ta jin Hausa, ta durƙusa ta riƙe hannuna tana girgiza kai. Inna kuwa tana ɗaki da carbi, duk abin da ake yi tana ji, ba ta ce uffan ba. Haushinta ma na ji, ba zan ɓoye ba.

Safiyar uku ina cikin juya waina sai na ga Inna ta fito ta yafa mayafi. Na zaci bayan gida za ta. Sai ta miƙe ta nufi zaure, matar da tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa taka wurin da rana ba. Ta tsaya bayan asabarin ƙofar ciki. Na bar tanda a wuta na bi ta.

Yaya ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban tsabar idonsa ba. In tana son magana da shi sai ta ce, "A gaya wa wancan." Kunya ce irin ta mutanen da, kuma Inna ta riƙe ta da ƙarfi fiye da kowa. To ranar nan, a gaban baƙi, sai ta ɗaga murya ta kira shi da sunansa na yanka, sunan da tun da aka raɗa masa bai taɓa bi ta bakinta ba.

Baƙi suka dakata da kwance huhu.

Ta ce, "Da kai nake. Ni na haife ka, na miƙa ka da ɗanyar cibiya. Nono kawai take kawo ka ka sha, ina kau da kai, ta ɗauke abinta. Bayana bai san nauyinka ba. Sauran yara takan kore su su koma wurin iyayensu, kai ba ta kore ka ba, don ta san ba ni da fuskar karɓarka. A ɗakinta ka kwana har aka yi maka kaciya. Uwarka ce ta rasu. Ka shimfiɗa tabarma ka zauna."

Na ce a raina yau kam dutse ma sai ya tsage. Ta cikin asabari ina hango shi, ya sunkuyar da kai, goro guda a hannunsa yana juyawa. Wani dattijo cikin baƙin har ya ɗaga hannu zai fara addu'a.

Sai Yaya ya ɗago, ya yi 'yar dariya, ya ce wa baƙinsa, "Ku yi haƙuri, tsufa ne." Ya juyo wajen ƙofa ya ce, "To Inna, an ji. A koma ciki." Ya jawo wani huhun ya ce a kwance.

Inna ta daɗe a tsaye. Sannan ta juya, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta shiga ɗakinta ta jawo tabarmarta ta kaba, wadda take sallah a kai. Ta ja ta har ƙofar ɗakin Iya, ta shimfiɗa a gaban tawa, ta zauna ta miƙe ƙafa. Matar Yaya ta saki baki tana kallo. Wainata kuwa ta ƙone ƙurmus.

Ba a jima ba waɗansu mata suka yi sallama, sun ji ƙanshin suya sun zo karɓar sadaka. Suka ga uwar gida a ƙasa, suka yi turus. Babbarsu ta ce, "Inna, lafiya? Wa ake yi wa zama?"

"Yayata ce ta rasu," in ji Inna. "Ni za ku yi wa gaisuwa."

Suka zube a gabanta. Ya haƙuri, Allah Ya jiƙanta, Allah Ya sa ta huta. Kafin azahar labari ya zaga Sabo, tsakar gida ta cika, har da wadda ta nemi tukunya, tana matse ido tana cewa ai Iya uwar kowa ce. Masu cewa akwai faɗa su ne suka fi kowa ɗaga murya wajen salati. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Maza dai ba wanda ya zauna, malamai ba su zo ba, a zaure ciniki ake yi har magariba.

Na yi kuka da Inna ta faɗi kalmar nan, kuka mai yawa, na gode mata kuma. Amma ina zaune a bayanta ina kallon ƙeyarta, ina tuna cewa tun tasowata ban taɓa ganin ta bar Iya ta sa hannu a ƙwarya ɗaya da ita ba. Kullum sai an gama a kankare mata ƙanzo a miƙa mata bakin madafa. Yayata. Kalma ɗaya ce, ba ta da nauyi a baki. Da ta faɗe ta ranar Litinin, da Iya ta ji da kunnenta.